Ya Fi Shi Me? Gardamar Gwanayen StarCraft Da Darar Gindin Maina A Gumel

Mai karatu, a hutun Babbar Sallar da ta wuce na je gida Gumel, kuma a can ne aka naɗa ni alƙalin wata gardama da ban san hawanta ba balle saukarta. Ɗan yayata, wanda ke karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a, ya zo hutu tare da wani abokinsa ɗan Maigatari. Da la'asar na baro dattawan unguwarmu suna dara a gindin maina, wato bishiyar da Kanawa ke kira darbejiya, na shiga zaure na tarar da samarin nan biyu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, murya tana tashi, kowa yana rantsuwa. Na zaci Messi da Ronaldo ne, tun da ita ce gardamar da ta raba samarinmu gida biyu shekara da shekaru. Ashe ba ƙwallo ba ce. Wai wasu mutane biyu ne, Serral da Maru, ɗaya ɗan ƙasar Finlan, ɗaya ɗan Koriya ta Kudu, waɗanda sana'arsu ita ce buga wani wasan kwamfuta mai suna StarCraft. Ɗan yayata ya juyo ya ce, "Kawu, kai malamin jami'a ne, raba mana gardama. Wa ya fi?" Na ce masa, "Ya fi me?" Sai duka biyun suka yi tsit suna kallona, kamar na yi musu Barbarci.

Tambayar nan tawa ba gudun shari'a ba ce, kuma saboda ita ne na ɓata makonni ina karatu da kallon wani wasa da shekaruna suka wuce in koya.

Ga wanda bai sani ba, StarCraft wasa ne da kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 1998, ya kuma fitar da kashi na biyu a 2010. Mutum biyu ke karawa, kowa da kwamfutarsa. Kowa zai zaɓi ɗaya daga cikin al'ummu uku, Terran ko Zerg ko Protoss, a ba shi sansani guda da 'yan ma'aikata kaɗan. Da su zai haƙo ma'adinai, ya gina barikoki da masana'antu, ya tara runduna, ya je ya rushe gine-ginen abokin karawarsa kaf. Abin da ya raba shi da dara shi ne ba a jiran juna. Babu "na yi, saura kai". Yayin da kake tunani shi yana gini, yayin da kake yaƙi a gabas wataƙila ana yanka ma'aikatanka a yamma, shi ya sa ƙwararru sukan ba da umarni sama da 300 a cikin minti ɗaya da madannai da linzamin kwamfuta. Daɗin daɗawa, filin a lulluɓe yake, ba ka ganin komai sai inda mutanenka suka taka, tamkar direban da hazon hunturu ya rufe tsakanin Gagarawa da Gumel. Dole ka aika ɗan leƙen asiri, shi kuma abokin karawarka ya san za ka aiko, don haka sai ya gina abin da yake so ka gani, ya ɓoye na gaskiyar a wani lungu.

A Koriya ta Kudu ne wasan ya zama sana'a. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1997 shagunan kwamfuta suka bazu a ƙasar, matasa suka cika su. A 2000 aka kafa hukumar KeSPA don kula da harkar, tashoshin talabijin biyu, OnGameNet da MBCGame, suka riƙa nuna gasa kai tsaye, manyan kamfanoni irin su SK Telecom da KT da Samsung suka kafa ƙungiyoyi suna biyan 'yan wasa albashi. Kai, har rundunar sojan saman ƙasar sai da ta kafa tata ƙungiyar.

To, mu koma ga tambayata. Bature idan zai kwatanta abu biyu yakan ɗauki siffa ya liƙa mata ɗafa-ƙeya, ko ya sa mata wata 'yar kalma a gaba, shi ke nan ya gama. Da haka yana iya cewa wane shi ne mafi girma a tarihi, ya tashi ya tafi ba tare da ya faɗi girman mene ne ba. Hausa ba haka take yi ba. Aikatau muke amfani da shi, wato "fi", kuma wannan aikatau yana neman abu biyu a bayansa: wanda aka fi, da abin da aka fi shi. Audu ya fi Bala tsawo. Kasuwar Maigatari ta fi ta Gumel shanu. Masanin harshe Leon Stassen, a littafinsa na 1985, ya karkasa harsunan duniya bisa yadda suke kwatance, ya sa Hausa cikin masu yin sa da aikatau irin wannan. Gaskiya ne kana iya cewa "Audu ya fi Bala" ka yi shiru, amma jimlar ta tsaya ne da ƙafa ɗaya, mai sauraro zai cike gurbin da abin da ke ransa, kai ma kana da naka a ranka. Yawancin gardamar da ake yi a majalisunmu, ta ƙwallo ce ko ta mawaƙa ko ta gwamnoni, a cikin wannan gurbin da ba a cike ba take rayuwa.

Da na cike wa samarin gurbin, sai ga shi kowannensu yana da gaskiya. Maru, wanda sunansa na yanka Cho Seong-ju, ya cinye kakar gasar GSL ta birnin Seoul duka uku a 2018, ya ƙara da ta farkon 2019, huɗu ke nan a jere, a gasar da a lokacin ake ɗauka ta fi kowace wuya. Amma kofin duniya ya yi ta kufce masa. A 2023 ya kai wasan ƙarshe a Katowice ta ƙasar Folan, wani ɗan ƙasar Sin mai laƙabin Oliveira, wanda ba wanda ya sa shi a lissafi, ya doke shi 4 da 1. A 2024 ya sake kaiwa, Serral ya yi masa 4 da nema. Shi kuwa Serral, Joona Sotala, shi ne mutum na farko da ba ɗan Koriya ba da ya ci gasar duniya ta Blizzard, a watan Nuwamban 2018, ya kuma ci Katowice a 2022 da 2024. Sai dai a shekarun nan na tashensa bai tare a Seoul ya buga kakar GSL cikakkiya ba, inda ake karawa mako bayan mako, abokan hamayya suna da kwanaki na nazarin mutum ɗaya tak. Kuma gaba da gabanta: a watan Agustan 2024 a Riyad, wani matashi ɗan Faransa mai laƙabin Clem ya yi wa Serral ɗin nan 5 da nema a wasan ƙarshe. Ke nan Maru ya fi Serral kofunan Seoul, Serral ya fi Maru kofunan duniya. Wannan ba ra'ayi ba ne, ƙidaya ce, kuma da samarin sun faɗi haka tun farko da ba su yi asarar yawunsu ba.

Amma na san ba ƙidaya suke nema ba. Abin da suke so su ji shi ne wane ne gwani, kuma a nan Hausa tana da kayan aikin da ya kamata mu yi alfahari da su. Muna da zakara, muna da gwarzo, muna da gwani, kuma duk da 'yan jarida suna cakuɗa su, ba abu ɗaya ba ne. Zakara na rana ne. Wanda ya ci gasar bana shi ne zakara, baɗi wani zai yi cara. Oliveira zakaran 2023 ne, ba wanda zai ƙwace masa wannan. Gwarzo kuwa juriya ce da naci, mutumin da za a kayar ya tashi ya dawo, kuma a ganina wannan ita ce rigar Maru. Gwani ya fi su nauyi. Kalmar ta shigo Hausa ne daga "goni" ta Barebari, abin da bai kamata ya ba mu mamaki a Gumel ba, masarautar Mangawa da ta daɗe tana fuskantar Barno. A tsangaya ba mutum ke kiran kansa gwani ba, kuma ba rana ɗaya ake zama ba. Waɗanda suka san abin ne ke saurarensa shekara da shekaru, su ne za su ce ya kai. Gwaninta shaidar masana ce, ba kofi ba.

Shi ya sa mutum yana iya zama gwani bai taɓa zama zakara ba. A zamanin StarCraft na farko an yi wani Hong Jin-ho, mai laƙabin YellOw, wanda ya yi ta zuwa wasan ƙarshe na manyan gasa yana dawowa na biyu, har lamba biyu ta zama abin tsokanarsa a Koriya. Babu mai hankalin da ya taɓa cewa bai iya ba. Su ma Koriyawa da suka ji kalmar zakara ta yi musu kaɗan sai suka nemo wata, "bonjwa", suka riƙa ba wanda ya mamaye zamaninsa gaba ɗaya. Babu hukumar da ke ba da wannan laƙabi, bakin jama'a ne, kuma mutum huɗu aka fara yarda da su: BoxeR da NaDa da iloveoov da sAviOr.

BoxeR, wato Lim Yo-hwan, shi ne uban tafiyar. A lokacin da ake ganin Terran ita ce al'umma mai rauni, shi ya ɗauke ta ya nuna abin da ake iya yi da 'yan sojoji ƙalilan idan aka sarrafa kowanne da hannu, ya ci gasar OSL sau biyu a 2001, ya ci gasar duniya ta WCG a 2001 da 2002. Shi ya sa iyaye a Koriya suka fara yarda cewa wannan abu sana'a ce. Bayansa da shekaru sai ga Lee Young-ho, wanda ake kira Flash, haifaffen 1992. Yana ɗan shekara 15 ya ci OSL ɗinsa ta farko a 2008, ya ƙare da OSL uku da MSL uku. A 2010 kaɗai sau huɗu suka haɗu a wasan ƙarshe na waɗannan gasa biyu da babban abokin hamayyarsa Jaedong, Flash ya ci uku. Wadda ya rasa kuwa labarinta zai yi wa ɗan Nijeriya daɗi. A watan Janairun 2010, ana tsakiyar wasa na uku, sai wuta ta ɗauke a ɗakin gasar, a Koriya fa, aka ɗora laifin a kan na'urar ɗumama ɗaki. Alƙalai suka ce Jaedong ne ke gaba lokacin da wutar ta tafi, suka ba shi wasan, har yau magoya bayan Flash ba su huce ba. Da na karanta wannan sai na ji na ɗan yafe wa masu ba mu wuta.

Idan aka tilasta mini in faɗi nawa, Flash ne gwani. Dalilina ba yawan kofuna ba ne, domin NaDa ma yana da shida. Flash ya yi mulkinsa ne a lokacin da wasan ya fi cika da ƙwararru, kowace ƙungiya tana da gidan da 'yan wasa ke kwana suna atisaye wuni guda, kowa ya haddace dabarun kowa. Ya yi ta yi har sai da aka yi masa tiyata a hannu a 2011. Da aka farfaɗo da tsohon wasan a gasar ASL ya dawo ya ci sau huɗu tsakanin 2017 da 2019. Abin da ya fi burge ni shi ne na 2020, lokacin da ya ajiye Terran ɗin da ya yi rayuwarsa da ita, ya ce kwamfuta ta riƙa zaɓar masa al'umma da ka a kowane wasa, kuma a haka ya zo na uku. Wannan ya nuna wasan ya sani, ba kusurwa ɗaya ta wasan ba. Duk da haka jimlata tana da nata gurbin. Flash ya fi BoxeR iya wasa, BoxeR ya fi Flash tasiri, kuma Flash ya koyi wasan ne daga faifan waɗanda suka koya a wurin BoxeR. Haka nan da ya koma kashi na biyu na wasan a 2012 ya taka rawa amma bai mamaye ba, don haka in aka ce a gwada shi da Serral, an haɗa ɗan dambe ne da ɗan kokawa.

Masu cewa saurin hannu ne ma'auni kuwa, na'ura ta riga ta ba su amsa. A watan Disamban 2018 wata manhajar kamfanin DeepMind mai suna AlphaStar ta doke ƙwararru biyu, TLO da MaNa, kowanne 5 da nema. Nan take aka ce ai tana ganin fili gaba ɗaya a lokaci guda, tana kuma danne-dannen da yatsun ɗan Adam ba za su iya ba. Da aka taƙaita mata gani a watan Janairun 2019, MaNa ya ci ta. Har na'ura ma sai da aka tambaye ta, kin fi shi me?

Akwai kuma wanda ya fita daga lissafi ta wata ƙofa. sAviOr, wato Ma Jae-yoon, ɗaya daga cikin huɗun can, an same shi a 2010 da hannu a cinikin wasanni don amfanin 'yan caca, kotu ta hukunta shi, KeSPA ta kore shi har abada. A 2016 aka sake yin irin ta da Life, zakaran duniya na 2014. Iyawarsu ba ta ragu ba, amma sun zuba guba a cikin abin da ake auna iyawa da shi, domin daga ranar duk wasan da suka taɓa faɗuwa sai a tambaya ko faɗuwar gaskiya ce.

Duk abin nan da na zayyano, mai karatu, na iya zayyano shi ne saboda dalili ɗaya: an ajiye. Wasannin Flash da Jaedong suna nan a faifai, yaro a zauren Gumel yana iya kallon abin da aka yi kafin ya shiga firamare, ya tsayar, ya mayar baya, ya ce ga inda wane ya yi kuskure. Wannan ne ya mayar da ni gindin maina washegari.

Darar da dattawanmu ke yi ita ce ta gida 30, layi 5 a kwance 6 a tsaye, a haƙa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa wancan da karare. A fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Zabarmawa suna kiranta dili. Wanda ya ɗauke ta wasan zaman banza bai taɓa zama gaban wanda ya iya ba. Tun a wurin zubi ake cin mutum, shi bai sani ba sai bayan turi goma. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan ba mu labarin wani mutumin wajen Sule Tankarkar da ke zuwa ranar kasuwa, wanda ya ce bai taɓa ganin an ci shi ba. Na tayar da zancen, sai wani dattijo ya ce ai wannan yaro ne a kan wani dillalin shanu da ke tsallako iyaka duk ranar Alhamis zuwa kasuwar Maigatari. Gardama ta kaure, da zafi irin na samarin jiya. Abin da na lura da shi shi ne su dattawan ba sa barin jimla da ƙafa ɗaya. Wannan ya ce na Sule Tankarkar ya fi haƙuri. Wancan ya ce dillalin ya fi iya ɗana tarko, ya ba ka ɗa ɗaya ya ci uku. Wani ya ce ya fi shi baki dai, da surutu yake rikita mutum. Ma'auninsu ya fi na samarin kyau nesa ba kusa ba. Amma da na ce a nuna mini wasa ɗaya na ɗayansu, ko zubi ɗaya, babu. Mutanen biyu sun rasu, gidajen darar iska ta share su tun a yammacin da aka buga, waɗanda suka gani da ido kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

A matsayina na ɗalibin harshe abin ya fi ci mini rai ta wani ɓangaren. Akwai kalmomin da dattawan nan ke jefa wa juna a kan dara, sunayen zubi da na tarko da na halin da wasa ke shiga, waɗanda ɗan yayata bai taɓa ji ba, ni ma wasunsu sai da na tambaya. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 saboda ya bi gari gari yana tambayar tsofaffi. Mu da muke da digiri a kan harshen muna zaune a ofis muna jiran kalmomi su zo su same mu.

Ba sai mun je Koriya neman misali ba. Maƙwabtanmu na Nijar suna gasar kokawa ta ƙasa tun 1975, ana ba zakara takobi, ana kuma rubuta sunansa. Shi ya sa mutumin Maigatari da ke bin gasar a rediyo yana iya gwada Kantu na Maraɗi, wanda ya fara ɗaukar takobin, da Issaka Issaka na Dosso, wanda ya ɗauka karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ya kawo hujja da shekara da gari. Ƙananan hukumomi huɗu ne a masarautar Gumel. Me zai hana kowace ta fitar da gwanayenta bayan an gama girbi, a haɗu a Gumel? Da farko sai an zauna an daidaita doka, domin na ga ana saɓani ko a unguwa ɗaya a kan ko ana cin ɗan da ke cikin jerin uku. Sannan a sa wa layukan haruffa da lambobi yadda ɗalibi zai rubuta kowane turi, aikin da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya yi su kuma sami abin rubuta kundin kammala karatu. Kyauta kuwa ta zama rawani ko sanda, kada ta zama kuɗin da zai jawo 'yan caca. Labarin sAviOr ya ishe mu, ga kuma shagunan cacar ƙwallo da suka riga suka cinye aljihun samarinmu.

Na san za a ce mutane suna fama da tsadar hatsi da taki, malam yana maganar dara. Gaskiya ne, sai dai abin da nake nema kuɗinsa bai wuce na littafin rubutu da biro ba. Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne wanda wani abokin aikina ya yi, cewa rabin dara zolaya ce da habaici da shewar 'yan kallo, kuma takarda ba ta ɗaukar waɗannan. Na yarda da shi. Amma wayar da samarin ke kallon Serral da ita tana ɗaukar murya da hoto.

Kafin in bar gari na gwada. Na zana gida 30 a littafina, na sa haruffa daga a zuwa e, lambobi daga 1 zuwa 6, ɗan yayata ya tsaya da waya a kan dattawan. Mun rubuta wasa biyu cikakku, na uku muka rikice a tsakiya saboda hannun tsofaffin ya fi birona sauri. Da aka zo na huɗu sai wanda duk unguwar ta yarda shi ne gwaninta ya zauna, ya dubi littafin, ya dubi wayar, ya tattara tsakuwarsa a hannu ya ƙi zubawa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Malam, rufe takardar nan tukuna. So kake ka kai wa mutanen Maigatari zubina?"